Daren Hisma

Mun bar Tabuk da la'asar sakaliya,
mu huɗu a tsohuwar motar Haladu,
da tanti na aro, da buhun gawayi,
da dariyar waɗanda ba su san
halin rairayi bayan magariba ba.

Ni da na ga kwalta na narkewa a ƙasar nan
na ce wane sanyi?
Bargo ɗaya na ɗauko,
da safa mai huji a babban yatsa.

Duwatsun Hisma jajaye sun durƙusa
kamar raƙuman da mai su ya manta.
Muka kafa tanti, iska ta tumɓuke.
Muka sake, ta karya sanda.
Tanimu ya ce a ƙyale shi,
ai sama ma rufi ce.

Ƙarfe goma ya iso, ba sallama.
Ta ƙasa ya ɓullo.
Ya ratsa tabarma, ya hau gadon baya,
ya zauna a kwankwasona kamar mai bin bashi.
Haƙorana na ta gardama da juna.
Can gefe Lawandi ya dunƙule,
mako biyu ke nan ba ma magana
a kan riyal ɗari biyu
da kowa ke cewa shi ne mai gaskiya.

Wutarmu ce ta jawo tsohon.
Awwad, makiyayi, cikin alkyabbar gashin tumaki,
yana warin hayaƙi da madarar raƙumi.
Ya dubi shimfiɗarmu,
ya taɓa ta da ƙafa, ya girgiza kai.

Ƙasa ce ɓarauniyar, in ji shi.
Abin da ke ƙarƙashinka
ya fi abin da ke kanka.

Ya sa muka koma bayan dutse
inda iska ba ta da hannu.
Da murfin tukunya ya tona rami
tsawon mutum, zurfin taƙi,
ya zuba garwashi, ya binne da yashi,
ya ce a jira gumin ya fita.
Kwalayen ruwa, darduman mota,
har buhun gawayin da ya ƙare,
duk ya shimfiɗa a kai.

Ya nuna safata: cire, ta jiƙe da zufar rana.
Ya naɗe dutse mai zafi a mayafinsa
ya ajiye min a tafin ƙafa.
Dabino bakwai da man shanu, a tura,
cikin da ba komai murhu ne ba itace.
A rufe kai.
A bar hanci waje, numfashi na jiƙa bargo.
Wanda fitsari ya matsa ya tashi yanzu.

Sannan ya tattaro mu da sandarsa
kamar awakin da suka watse,
ya haɗa barguna huɗu suka zama ɗaya.
Bai tambayi wa ke fushi da wa ba.
Bayana ya faɗa a bayan Lawandi.

Na ƙame.
Shi ma ya ƙame.
Taurari sun sauko ƙasa ƙasa
har na ji kamar zan ji ƙararsu.
A hankali yashin ya fara biya,
ɗumi na hawowa ta haƙarƙari,
wani kuma ta kafaɗar da na rantse
ba zan sake dafawa ba.
Ban san lokacin da na daina ƙirga riyal ba.

Da asuba ruwan buta ya yi ɓawo,
sai da na fasa shi da yatsa.
Tsohon ya tafi,
sawunsa da na raƙuma uku sun yi gabas,
mayafinsa na nan a ƙafata.

Lawandi ya tono sauran garwashi,
ya ɗora butar har ta huce sanyinta,
ya zo ya tsuguna a gabana.
Miƙo hannu, ya ce,
ka fara alwala.